Tsofaffin katun na gimbiyoyi ko sababbin: ga wanda za ki tura wa 'yan biyu

Wa alaikumus salam Maman 'yan biyu, ya yara, ya hidima? Tun da safe na ga tambayarki kan wanda za ki sa a tura wa 'yan matanki kafin hutu, tsofaffin katun na gimbiyoyi irin su Cinderella ko sababbin irin su Frozen da Brave. Sababbin za ki ɗauka. Duka biyun sun zauna a gidana, na kuma ga abin da kowanne ya bari a bakin yarana, shi ya sa ba zan yi miki kwana-kwana ba.

Brave ne ya fi zama mini a rai. A 2012 ya fito. Labarin wata 'yar sarki ce a ƙasar Sikotlan mai suna Merida, yarinya mai jan gashi a cukurkuɗe wanda mataji ba ya ratsa shi, ba abin da take so kamar ta hau dokinta ta shiga daji da kwari da baka. Uwarta kuwa ta dage sai ta mayar da ita cikakkiyar gimbiya: ga yadda ake tafiya, ga yadda ake magana, ba a ɗora makami a inda ake cin abinci. Aka tara 'ya'yan manyan dangi uku su yi gasar harbi, wanda ya ci shi ne mijinta. Yarinyar nan ta fito fili ta ce ita ma 'yar fari ce, don haka tana da ikon shiga, ta harba ta kunyata su duka. Da ita da uwarta suka koma ɗaki faɗa ya kaure. Ta zare takobi ta keta zanen da uwar ta daɗe tana saƙawa mai hoton iyalinsu, uwar kuma cikin fushi ta jefa bakanta a wuta. Merida ta gudu daji, ta samu wata matsafiya ta roƙe ta abin da zai canza mata uwa. Uwa kuwa ta canza, ta rikiɗe ta zama beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan da mijinta ya fi tsana tun da irinta ta raba shi da ƙafa ɗaya. Daga nan har ƙarshe 'ya ce ke kare uwarta daga takobin ubanta, uwar kuma da yake ba ta da bakin magana, dole ta koyi saurare.

Lokacin da muka kalle shi babbar 'yata tana shekara tara, kuma mun shiga wani hali ni da ita. Kitso faɗa, shirin Islamiyya faɗa, wanke-wanke faɗa. In na ce gabas ta ce yamma. Wata Asabar ce da damina, ruwa ya hana kowa fita, Allah ya sa akwai wuta. Ta zauna can ƙarshen kujera ta naɗe ƙafa don da safen ma mun yi. Da aka zo inda rana ke shirin fitowa, Merida ta rungume dabbar nan tana kuka tana amsa laifinta, sai na ji yarinyata ta matso a hankali ta ɗora kanta a cinyata. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Bayan Magariba ta shigo ɗakina da mataji da kibiya da man kitso a hannu, ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna. A daren nan na tambaye ta wane irin kitso take so, kuma wallahi sai na tuna ban taɓa tambayarta ba. Fim ɗin ya yi wa 'yar magana, ya kuma yi wa uwar. Daga baya na karanta cewa matar da ta ƙirƙiro labarin, Brenda Chapman, daga zamanta da 'yarta ta samo shi. Ban yi mamaki ba, don wanda bai yi rainon 'ya mace mai kafiya ba ba zai san wannan wurin ba.

Ke kuwa da kike da biyu, Frozen na 2013 kamar don gidanki aka yi shi. Ya da ƙanwa ne, Elsa da Anna. Babbar tana da wata baiwa da take tsoro, duk abin da ta taɓa sai ya daskare, sai ta kulle kanta a ɗaki shekara da shekaru, ƙaramar tana ta ƙwanƙwasa ƙofa ba amsa. Wuri biyu nake so ki lura da su in kuna kallo. Na farko, Anna ta haɗu da wani yarima mai daɗin baki, a ranar ta amince za ta aure shi, yayarta ta ce sam ba ta yarda ba tunda ba ta san shi ba. Abin da kowace babbar yaya a Kaduna za ta faɗa ke nan, a yi bincike tukuna. Ƙarshe kuwa ya tabbata sarauta yake kwaɗayi, ya bar ta a ɗaki don ta mutu. Na biyu, an ce soyayyar gaskiya ce kaɗai za ta warkar da Anna daga ƙanƙarar yayarta da ta same ta a zuciya bisa kuskure, kowa ya zuba ido yana jiran namiji, sai ga shi ita ce ta tare takobi da jikinta don kada a sari yayarta, kuma wannan ne ya zama maganin. Tun daga lokacin, in nawa suka yi faɗa a kan 'yar tsana ko rimot, ƙaramar takan je ƙofar ɗaki ta ƙwanƙwasa tana rera waƙar fim ɗin, babbar ta yi ta cijewa har dariya ta ƙwace mata ta buɗe.

Tsofaffin, ba zan ƙi faɗin gaskiya ba, zanensu na hannu yana da kyau, Cinderella kuma tana da haƙuri da son aiki. Iyakar yabon da zan yi musu ke nan. Faifai guda na saya mai ɗauke da su duka lokacin ina sabuwar uwa, kuma yana cikin sayayyar da na yi nadama.

Dubi abin da ke ciki. Snow White na 1937, wanda shi ne dogon katun na farko da kamfanin Disney ya yi, duk rigimarsa a kan wace ce ta fi kyau, sarauniya na tsaye gaban madubi tana tambaya. Yarinyar ta gudu daji ta zama mai shara da girki a gidan wadanni bakwai, baƙuwar tsohuwa ta miƙa mata tuffa ta karɓa ta ci, ta faɗi, ta kwanta har sai da wani yarima da sau ɗaya ta taɓa gani ya zo ya tashe ta da sumba. Sleeping Beauty na 1959 ya fi wannan. An yi mata baki tun tana jaririya cewa kafin ta gama cika shekara 16 za ta soke yatsa da mazari, irin wanda kakanninmu ke kaɗi da shi, ta kuma soke, ta yi barci. Fim na ɗauke da sunanta amma yawancin abin da ya faru wasu ne suka yi shi. Cinderella na 1950 kuwa dare ɗaya yarima ya yi rawa da ita, ko sunanta bai sani ba, da takalmin gilashi aka bi gida-gida ana neman ƙafar da zai shiga.

Wata rana na tarar da autata, wadda ta ɗauko baƙin babanta mai sheƙi, tsaye gaban madubin ɗakina. Ta yafa farin tawul a ka ya zubo mata har gadon baya, wai gashi ne, ta shafe fuska da hoda fari fat. Ta juyo ta ce, "Mama, in na girma zan zama fara?" Shekararta biyar. A garin nan da muke ganin yadda man bilicin ke cinye fatar mata, na san ba daga katun kaɗai ta ɗauko ba, amma a ranar na cire faifan daga na'ura. Abin da na maye mata da shi shi ne The Princess and the Frog na 2009, inda Tiana take, baƙar gimbiyar Disney ta farko, 'yar birnin Niyu Olins a Amurka, mai aiki wuri biyu tana tara kuɗi a gwangwani don ta buɗe gidan abincin da babanta ya rasu yana buri. Abin haushinsa ɗaya, ta fi daɗewa a siffar kwaɗo fiye da siffar mutum. Duk da haka autata ta gan ta, ta ce kalarsu ɗaya.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, wanda Turawan da suka yi fina-finan ba su yi tunanin gidajenmu ba. A Snow White da Cinderella matar uba ita ce muguwa, a Cinderella kuma 'ya'yanta munana ne masu hassada. Mu nan gidaje nawa ne ake zaune da abokiyar zama, yara 'yan uba suna cin tuwo a kwano ɗaya? Ni matar babana ce ta rene ni tun ina shekara shida bayan rasuwar mahaifiyata, Allah ya jiƙansu duka. Ita ta yi mini kitso, ita ta kwana a kaina da na yi ƙyanda, ita ta tara mini kayan ɗaki. Ba na son a dasa wa yarinya ƙarama cewa duk matar da ba ita ta haife ka ba maƙiyiyarka ce, tun ba ta san komai ba. Wata za ta ce ai mu ma muna da 'yar bora da 'yar mowa a tatsuniya. Haka ne, kuma shi ma ina tace shi in zan ba yara. Amma tuna yadda tatsuniyar Ruwan Bagaja take. 'Yar bora da ƙafarta ta kama hanya, duk abin da ta tarar ta gaishe shi da ladabi, abin da aka sa ta ta yi ba raini, shi ya sa ta dawo da arziki. 'Yar mowa ta bi hanyar da rashin kunya ta kwaso wahala. Halinta aka gwada a hanya. Ba wanda ya auna ƙafarta.

Ba ni kaɗai na lura ba. Wasu malaman harshe biyu a Amurka, Carmen Fought da Karen Eisenhauer, sun zauna sun ƙirga maganganun da ke cikin fina-finan nan, aka buga sakamakon a 2016. A tsofaffi ukun, kashi 55 cikin ɗari na yabon da ake yi wa mata a kan kyau ne, kashi 11 kacal a kan iyawa. A sababbin abin ya juya, iyawa ta kai kashi 40, kyau ya sauko 22. Yaro kuwa abin da ya ji ana yabawa shi yake nema.

Na tsakiyar ma, na wajen 1989 zuwa 1992, da tsofaffin nake haɗa su ko da waƙoƙinsu sun fi daɗi. A The Little Mermaid 'yar ruwa mai shekara 16 ta sayar da muryarta ga mayya don ta samu ƙafa ta bi saurayin da ba su taɓa hira ba. A Beauty and the Beast yarinyar tana son karatu, wannan na yaba, amma darasin da ke ƙasa shi ne namiji mai tsawa da ya kulle ki a gida zai sauya in kika yi ta haƙuri. Mu a zauren nan mun sha karanta saƙonnin 'yan uwa da suka shekara goma suna jiran wannan sauyin. Mulan na 1998 shi na ware, yarinyar ƙasar Sin da ta yanke gashi ta tafi yaƙi a madadin tsohon babanta mai ciwon ƙafa. Wannan jinƙan iyaye ne tsantsa.

Kada ki yi tsammanin in kin hana su gaba ɗaya za su manta. Na gwada, a makaranta suka ƙarasa jin labarin, ga hoton a jakar makaranta da gorar ruwa da kek ɗin bazday. Wannan ma ba haɗari ba ne, tun wajen 2000 kamfanin ya tattara gimbiyoyin ya mayar da su tambarin sayar da kaya. Amma ba talla kaɗai ke riƙe yara ba. Na daɗe ina kallon nawa suna kallo, kuma na lura yariman bai dame su ba ko kaɗan, in an zo wurin soyayya ma tashi suke su sha ruwa. Inda suke ƙura ido shi ne wurin rikiɗa, tsumma ya zama riga, kabewa ta zama keken doki, wadda ake aike da tsawa ta shigo fada kowa ya miƙe. Yarinya 'yar shekara biyar wuni take ana ce mata zauna, tashi, yi shiru, ba ki isa ba. Sai ga wata mai kama da ita da duk gari ke saurare. Daɗin da take ji shi ne irin na safiyar Sallah, an yi lalle, an sa sabon ɗinki, kowa na cewa wannan 'yar wace ce. Ga waƙa mai sauƙin kamawa, ga dabbobi masu magana irin su Gizo da Ƙoƙi. Maimaitawar da ke gundurarmu kuwa, su ita ce daɗin, don sun san inda abin tsoro yake, sun san zai wuce. Haka muka riƙa ce wa kaka ta sake mana tatsuniyar jiya, kuma in ta canza kalma ɗaya mu gyara mata. Tunda abin da suke nema ke nan, sababbin na ba su shi cif, riga da waƙa da fada duk suna nan, sai dai yarinyar ciki tana yin wani abu da hannunta.

Ba ina cewa ki kunna musu ki shige kicin ba. Sababbin ma ba mu aka yi wa su ba. Duk akwai tsafi a ciki. A fim ɗin Tiana mugun boka ne mai aiki da inuwoyi, yana iya firgita ƙaramin yaro da dare, haka ma baƙar dabbar da ke cikin Brave. Moana na 2016 yana da kyau ƙwarai, 'yar shugaban wani tsibiri ce da ta ɗauki kwalekwale ta ratsa teku don ceton mutanenta, babu saurayi ko ɗaya daga farko har ƙarshe, ga shaƙuwa da kaka mai sa hawaye. Amma an gina shi a kan gargajiyar mutanen tsibiran tekun Fasifik, da abubuwan bautarsu, da kakar da ta dawo a siffar kifi bayan ta mutu. A Mulan ma ana roƙon kakanni. Ni nakan tsayar da fim in ce, wannan labarin mutanen can ne, mu wa muke roƙo? Su amsa da kansu, mu ci gaba. Shigar wasunsu ma sai an yi magana a kai. Kuma kusan dukkansu yarinya ce ke saɓa wa iyaye kafin ta yi nasara, don haka ki riƙa nuna musu inda saɓawar ta jawo kuka, kamar yadda ta jawo wa Merida.

Yanzu ga abin da ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa. Ki yi hattara da masu tura fina-finai. Akwai na kirki a cikinsu, akwai kuma marasa tsoron Allah. Ni wani yaro a wani shago cikin kasuwa ya sayar mini da memori ya ce babba ne, ya cika shi a gabana, na ga sunaye reras. Da na zo gida huɗu ne kawai suka buɗe, sauran sunan ne babu komai, memorin jabu ne da aka rubuta masa girman da ba shi da shi. Na koma washegari ya ce ba a wurinsa na saya ba. Wannan asarar kuɗi ce kawai. Wanda ya fi muni, suna zuba duk abin da aka zana a jaka ɗaya su rubuta katun, alhali akwai katun na manya zalla, akwai kuma bidiyoyin banza da ake ɗaukar su Elsa a sa su yin abin da bai dace ba. Irinsu sun cika YouTube har abin ya zama babban surutu a 2017. Masu fassarar Hausa ma ki saurara da kunnenki tukuna, wasu sukan cusa zagi da maganar banza don a yi dariya. Ki tafi da memorinki da kika sani, ki rubuta sunayen da kike so a takarda, ki tsaya a kansa ya buɗe kowanne, a duba farko da tsakiya da ƙarshe kafin ki miƙa kuɗi. In kin dawo ki kalla ke kaɗai da dare kafin su gani. In da hali kuwa, tashoshin yara na kamfanin da ke kan dish sun fi kwanciyar hankali, kuma babu cin haƙƙin kowa.

Rigar gimbiya ma za su tambaye ki, ki shirya. Kada ki tura wa masu tallar Instagram kuɗi a kan hoto. Wadda aka kawo mini yadin kamar buhun albasa, ta yi wa autata ƙuraje a wuya, ƙyalƙyalin ya bi gida har cikin tuwo, mai kayan kuma ta daina ɗaga waya. Ki sayi yadi mai laushi da net, ki kai wa telanki ya sa shafi a ciki, ya yi dogon hannu, kala biyu daban don kada su yi faɗa.

Ga jerin da za ki ba shi: Frozen da farko, sai Brave, sai Moana da Mulan ranar da kike zaune tare da su, na Tiana kuma da rana. Ki bar Snow White da Sleeping Beauty da na 'yar ruwan. Ranar da aka ɗauke wuta ki ba su labarin Amina ta Zazzau da ganuwoyin da har yau ake kira da sunanta, ki faɗa musu Turunku da ake danganta gidansu da ita tana nan cikin ƙaramar hukumar Igabi, ba nisa da mu. Tawa babbar da ta ji haka cewa ta yi a kai ta ta gani, kuma mun sa ranar zuwa a hutun nan. In 'yan biyu na so, akwai wuri a motar. A shafa mini kansu.